Kafin a Yanke wa Tsohuwar Kwamfuta Hukunci Don Ta Ƙi Kunna Faifan DVD

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa za su ɗauka ƙarami ne, alhali ya jawo wa gidaje asarar abubuwan da ba a sake samun irinsu. Ina nufin tsohuwar kwamfutar gida da aka wayi gari ta ƙi kunna faifan DVD, da kuma gaggawar da ake yi wajen yanke mata hukunci, a ce ko dai na'urar karanta faifan ta mutu, ko faifan ya lalace a jefar da shi, ko kuma a goge duk abin da ke cikin kwamfutar a sake ɗora mata Windows. Abin da na gani a tawa, na kuma sake gani a kwamfutocin 'yan'uwa da abokai, shi ne sau da yawa babu ko ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan uku da ya dace, kuma cutar takan ɓuya ne a wani ƙaramin wuri da mai haƙuri zai iya ganowa ba tare da ya sayi komai ba.

Tawa kwamfutar irin ta kan tebur ce, mai Windows XP, kuma abin da ya sa na riƙe ta har yau shi ne fayafayan da ke gidana, musamman guda uku da aka naɗi mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana hira da jikokinsa. Wata rana na sa faifai sai hoto ya fara tafiya da ƙyar, yana tsayawa yana zabura, murya tana in'ina, hatta kibiyar linzami da nake ja a kan allo sai ta riƙa maƙalewa kafin ta isa inda na nufa. Na canza faifai, bai sauya zani ba. Na sa wani sabo fil wanda ko tabon yatsa babu a jikinsa, duk ɗaya. Da na kai ta wurin wani mai gyara, bai ko kwance murfinta ba ya ce idon na'urar, wato abin da ke haska faifan yana karantawa, ya mutu, kuma sai an yi wa kwamfutar fomatin, wato a goge komai a sake ɗora mata Windows. Ban amince ba, domin na'urar da idonta ya mutu ba za ta nuna hoto ko kaɗan ba, kuma na lura da zarar na cire faifan sai kwamfutar ta koma lafiya lau. Zan dawo kan abin da na gano, amma bari in fara daga inda ya dace kowa ya fara.

Kafin fim ya isa idon mai kallo yana bi ta hannaye da yawa. Akwai faifan kansa, akwai na'urar da ke juya shi tana karantawa, akwai hanyar da bayanan ke bi su shiga cikin kwamfuta, akwai manhajar da ke warware su ta mayar da su hoto da sauti, sannan akwai abin da ke fitar da hoton a allo da sautin a lasifika. Duk mai son gano mai laifi a cikinsu dole ya riƙe ƙa'ida guda, wato kada ya taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, domin idan ya goge faifai, ya ɗora sabuwar manhaja, ya kuma canza saiti duk a zama ɗaya, ko an dace ba zai san abin da ya yi maganin ba, idan kuma abin ya ƙara dagulewa ba zai san inda zai koma ba. Gwaji biyu ne mafari: a sa wani faifai da aka tabbatar lafiyayye ne a wannan kwamfutar, sannan a sa faifan da ke ba da matsala a wata na'urar dabam. Waɗannan kaɗai sukan raba gardama tsakanin faifai da kwamfuta.

Idan faifan ne, a ɗaga shi a karkata shi ga haske a dubi ɓangaren da ke sheƙi. Bayanan DVD suna kwance ne a kan layi guda mai murɗewa daga tsakiya zuwa baki, kuma tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye mikiromita 0.74 ce kawai, yayin da ta CD take 1.6, shi ya sa tabon yatsa ko ɗan maiƙon da CD zai haƙura da shi yakan isa ya rikita DVD. A goge shi da ƙyalle mai laushi marar gashi, a ɗan jiƙa shi da ruwa idan tabon ya kafe, kuma a riƙa jan ƙyallen daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, kada a bi zagayen faifan. Dalili kuwa shi ne, karcen da ya ratsa layukan a gicciye yana ɓata ɗan kaɗan ne daga kowane zagaye, wanda tsarin gyaran kuskure da ke cikin faifan zai iya cikewa, amma karcen da ya bi layi guda yana shafe bayanai masu tsawo a jere, kuma wannan ba ya cikuwa. Wani abin kwantar da hankali shi ne, DVD faranti biyu ne na roba, kowanne mai kaurin milimita 0.6, da aka manne su bayanan na tsakiya, saboda haka yawancin karcen da ake gani a robar ya tsaya, bai kai ga bayanan ba.

Fayafayan da aka naɗa a gida suna da nasu halin, kuma su ne suka fi damuna, tunda su ne ba su da madadi. Faifan kamfani buga shi ake yi da inji, amma na gida wani rini ne a cikinsa da hasken leza ke ƙonawa, kuma rinin nan yana dusashewa idan faifan ya sha rana ko zafi. Sannan iri biyu ne da suka yi gasa da juna, DVD-R da ya fito a 1997 da DVD+R da ya biyo baya a 2002, kuma wasu na'urorin da aka ƙera kafin na biyun ya bazu ba sa gane shi. Akwai kuma wani tarko da ya sa an zubar da fayafayai masu lafiya. Faifan da aka naɗa da kyamarar bidiyo ko na'urar naɗi ta talabijin yana buƙatar a rufe shi bayan an gama naɗin, wato na'urar ta rubuta masa jadawalin abin da ke ciki. Idan ba a yi haka ba, kwamfuta za ta iya nuna shi tamkar babu komai a cikinsa, har ta yi tayin shirya shi don sabon naɗi. Kada a amsa wannan tayin. A duba bayan faifan, za a ga inda aka naɗa ya fi sauran duhu, alamar bayanan suna nan, sai a nemi na'urar da ta naɗe shi ko irinta a rufe shi.

Idan kuwa duk fayafayan suna aiki a wani wuri amma ba sa aiki a nan, sai a juyo kan na'urar karantawa. Da farko a dubi tambarin da ke goshinta, domin tsofaffin kwamfutoci da dama CD kaɗai na'urarsu ke karantawa, haka kuma na'urar DVD ba ta karanta Blu-ray duk da cewa girman fayafayan ɗaya ne. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne na'urar da ke karanta CD daidai amma ta ƙi DVD, sai su ce ai tunda tana karanta wancan to lafiyarta ƙalau, laifin na Windows ne. Ba haka ba ne. A cikin na'urar akwai leza iri biyu, ɗaya mai tsawon zango nanomita 780 domin CD, ɗaya kuma ja mai nanomita 650 domin DVD, kuma ɗaya na iya raunana ɗayar tana da ƙarfinta. Kunne yana taimakawa a nan. Na'ura mai lafiya takan juya faifan, ta yi ɗan motsi kaɗan, sannan ta ɗauki gudu ta daidaita. Wadda idonta ya yi rauni ko ya yi ƙura takan ɗauki gudu ta saki, ta yi ƙas-ƙas, ta sake ɗauka ta saki, fitilarta na ta ƙyaftawa, daga ƙarshe ta yi shiru kamar ba a sa mata komai ba.

Akwai wata alama kuma da ke nuna raunin ido tun kafin ya mutu. Faifai mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5, kuma yawancin finafinai masu tsawo a kan mai hawa biyu suke. Domin a karanta hawa na biyu sai hasken ya ratsa ta cikin na farko, saboda haka ɗan tsayawa na ƙiftawar ido a wajajen tsakiyar fim ba cuta ba ce, sauya hawa ake yi. Amma idan finafinai dabam-dabam suna farawa lafiya, sannan duk su cije bayan an wuce tsakiya, to idon ne ya fara gajiya. A kwamfutar tafi-da-gidanka idon yana bayyane idan an jawo tiren, ɗan gilashi ne mai launin shuɗi-shuɗi da bai kai ƙwayar ido girma ba, kuma ana iya shafa shi a hankali da auduga mai tsinke da aka ɗan taɓa da sinadarin goge gilashin na'ura, ba tare da dannawa ba domin a kan wayoyi sirara yake lilo, kuma sai an kashe kwamfutar tukuna. Idan tiren ne ya ƙi fitowa a kwamfutar kan tebur, galibi ɗan bel ɗin robar da ke jan sa ne ya saki. Akwai ƙaramin rami a goshin na'urar, a miƙar da ƙarfen maƙale takarda a tura shi ciki a miƙe, tiren zai turo kai.

Yanzu ga abin da ya sami tawa. Tsofaffin kwamfutoci suna haɗa na'urar faifai da uwar allon kwamfuta da wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ramuka 40, wadda ake kira IDE, kuma bayanai na iya bi ta cikinta ta hanya biyu. A hanyar da ake kira DMA, na'urar tana zuba bayanan kai tsaye cikin ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, furosesa kuma, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta sami sararin yin aikinta na warware hoto. A hanyar PIO kuwa, furosesar ce da kanta ke ɗebo bayanan kaɗan-kaɗan, kamar a ce mai ɗinki ne aka ɗora wa ɗaukar kaya daga mota alhali ana jiran ya gama riga. Windows XP yana da wani tsari na kariya: yana ƙirga kurakuran da ake samu wajen karɓar bayanai daga na'urar, idan suka taru suka kai shida sai ya rage gudun hanyar, idan aka ci gaba da samun kuskure ya ƙara ragewa, har ya sauko da ita kan PIO, kuma a nan yake barin ta ko an kashe kwamfutar an kunna. Da na yi tunani sai na tuna cewa kwanaki kaɗan kafin matsalar na dage a kan wani faifai da ya kakkarce, ina ta maimaita wurin da yake cijewa. Wannan faifan guda ɗaya shi ya tara kurakuran, sauran fayafayan masu lafiya kuma suka gaji wahalar.

Ga yadda ake tabbatarwa. Yayin da fim ke tafiya, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin da ke nuna nauyin aikin furosesa zai buɗe. A tawa layin ya manne a sama, kusan kashi 100, alhali DVD ba kaya ne mai nauyi ba, bayanansa ba sa wuce kimanin megabit 10 a daƙiƙa, kuma kwamfutoci masu Pentium III na wajajen shekarar 2000 suna kunna shi. Daga nan a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta devmgmt.msc, jerin duk kayan da ke jikin kwamfutar zai fito. A buɗe layin da ke ɗauke da kalmar IDE, za a ga tasha ta farko da ta biyu, kuma na'urar faifai galibi a ta biyu take. A cikin saitinta akwai gurbin da ke nuna hanyar da aka zaɓa da kuma gurbin da ke nuna wadda ake kai a yanzu. Na tarar an zaɓi DMA, amma a ƙasa an rubuta PIO, kuma sake zaɓar DMA bai motsa shi ba. Maganin shi ne a cire wannan tashar daga jerin, a sake kunna kwamfutar, Windows zai gano ta a matsayin sabuwa ya fara ƙirgarsa daga sifili. Da na yi haka na koma na duba sai na ga Ultra DMA a gurbin, na sa faifan mahaifina, muryarsa ta fito sumul, nauyin furosesa kuma ya sauko ƙasa sosai. Da na yarda an yi fomatin, matsalar za ta tafi na ɗan lokaci, tare da duk abin da na adana, sannan ta dawo ranar da aka sake sa wani faifai mai karce.

Wata matsalar dabam ita ce na'urar ta ɓace ɗungurungum daga jerin ma'ajiyoyin kwamfuta. A nan a fara da shafin BIOS da ke fitowa kafin Windows ya tashi. Idan sunan na'urar bai bayyana a can ba, to maganar waya ce, sai a zare wutar kwamfutar, a buɗe ta, a danna wayar bayanai da ta wuta su zauna daram, kuma idan na'urori biyu ne a kan wayar IDE ɗaya a tabbatar ƙananan matosan da ke bayansu ba su ba su matsayi iri ɗaya ba. Idan kuwa BIOS na ganin ta, amma a jerin kayan Windows an sa mata alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa da lamba 19 ko 31 ko 32 ko 39 ko 41, to yawanci ragowar wata manhajar naɗar faifai ce da aka cire ba ta fita da tsabta ba. Irin waɗannan manhajojin sukan saƙala kansu tsakanin Windows da na'urar, idan suka tafi suka bar sunansu a rajista, wato kundin da Windows ke adana saitunansa, sai Windows ya yi ta jiran wanda ba ya nan. Ana gyarawa ta hanyar goge layuka biyu masu suna UpperFilters da LowerFilters a ƙarƙashin rukunin da lambarsa ta fara da 4D36E965. Ina gargaɗi da babbar murya a nan, domin rukunonin da ke maƙwabtaka da shi lambobinsu kusan iri ɗaya ne, kuma akwai na rumbun ajiya da na kibod a cikinsu, wanda ya goge a inda bai dace ba zai iya hana kwamfutar tashi. A adana kwafin rajistar tukuna, wanda kuma hannunsa bai saba ba ya nemi wanda ya saba.

Mafi yawan koke-koken da nake ji kuwa ba su da alaƙa da lalacewar komai. Mutum ya sa faifai, kwamfuta ta gan shi, ya buɗe ya tarar da jaka mai suna VIDEO_TS cike da fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP, amma manhajar kallo ta ce ba za ta iya ba, ko ta ba da murya babu hoto. Wannan yana nufin faifai da na'ura sun yi aikinsu, mai fassara ne babu. Hoton DVD a dunƙule yake da tsarin MPEG-2, sautin kuma galibi da Dolby Digital, kuma dukansu fasahohi ne da aka yi ta biyan kuɗin lasisi a kansu. Saboda haka Windows XP bai zo da mawarwarin DVD ba, wato manhajar da ke warware wannan hoto da sauti, masu haɗa kwamfuta ne ke ɗora irin su PowerDVD ko WinDVD, shi ya sa wanda aka yi wa fomatin yakan dawo gida ya tarar abin da yake kallo jiya ya daina yiwuwa. Windows Vista ya zo da shi a Home Premium da Ultimate, Windows 7 ma yana da shi in ban da Starter da Home Basic, daga Windows 8 na 2012 kuma aka cire shi, Windows 10 ma bai dawo da shi ba. Wanda ya sabunta tsohuwar kwamfutarsa daga 7 zuwa 10 ya ga DVD ya tsaya, babu abin da ya lalace masa.

Hanya mafi sauƙi ita ce VLC, manhajar kyauta da ta samo asali daga aikin ɗaliban wata makarantar injiniyanci a Faransa a 1996, aka sake ta ga jama'a a 2001. Tana tafe da mawarwaranta a cikinta, ba ta dogara da na Windows ba, kuma jerin fitowarta na 3 yana aiki har a kan XP mai sabuntawar SP3. Tunda an daina tallafa wa XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, ya fi aminci a sauko da ita a wata kwamfutar daga shafin masu ita na ainihi, a kawo ta a filashi. A cikinta a zaɓi buɗe faifai, kada a buɗe fayilolin VOB ɗaya-ɗaya, idan kuma shafin zaɓi na farkon faifan ne ke cijewa akwai gurbin da ake dannawa a tsallake shi a tafi fim kai tsaye. Abin da nake hana mutane shi ne tarkata tarin mawarwarai daga kowane shafi suna ɗorawa ɗaya kan ɗaya, domin sukan yi rigima a kan wanda zai karɓi hoton, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Sai batun shiyya, wanda kuskure a cikinsa ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Kamfanonin finafinai sun raba duniya shiyya-shiyya: ta 1 Amurka da Kanada, ta 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu, ta 3 kudu maso gabashin Asiya, ta 4 Latin Amurka da Ostireliya, ta 5 mafi yawan Afirka da Rasha da Indiya, ta 6 kuma Sin. Lambar tana bayan kwalin faifan a cikin ɗan hoton duniya. Na'urorin kwamfuta da aka ƙera daga shekarar 2000 suna ba da damar saita shiyya sau biyar kacal, wadda aka zaɓa a karo na ƙarshe kuma ita ce za ta zauna. Ƙirgar nan a cikin na'urar kanta take, saboda haka fomatin ba ya mayar da ita, kai ko an cire na'urar an kai ta wata kwamfutar tana tafe da ƙirgarta. Na ga gidan da yara suka cinye damar nan a mako guda, suna danna amincewa duk lokacin da saƙon ya fito. Idan saƙon sauya shiyya ya bayyana, a tsaya a duba kwalayen fayafayan da ke gidan, a zaɓi shiyyar da ta fi yawa. Fayafayan da aka naɗa a gida ba su da wannan kulle, bambancin tsarin hoto na PAL da NTSC da ke wahalar da tsofaffin talabijin kuma bai dami kwamfuta ba.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Idan murya na fita amma allon baƙi ne ko kore, to saɓani ne tsakanin manhajar kallo da direban katin hoto, sai a sabunta direban ko a canza hanyar fitar da hoto a saitin manhajar. Idan gefen abubuwa masu motsi yana fitowa da haƙora kamar matsefi, hoton ne aka naɗa da tsarin talabijin mai saƙa layuka, kuma a VLC danna harafin D yana daidaita shi. Idan kiɗa da ƙarar motoci suna da ƙarfi amma maganar mutane ta yi ƙasa, sautin an tsara shi ne don lasifika shida, maganar kuma tana ta tsakiya, sai a zaɓi sautin sitiriyo. Idan kuwa fim yana farawa daidai sannan ya fara cijewa bayan kwamfutar ta ɗauki lokaci tana aiki, fanka na ta kuka, to zafi ne, a buɗe a hure ƙurar da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke kan furosesa.

Idan duk an bi waɗannan aka tabbatar idon ya mutu, na'urar kaɗai za a canza, kwamfutar tana nan da ranta. Mai sayen ta ciki ya duba ko wayarsa faffaɗar IDE ce ko siririyar SATA. Mai sayen ta waje, wadda ake jonawa ta USB, ya sani cewa tsohuwar kafar USB 1.1 megabit 12 take ɗauka a daƙiƙa a bisa takarda, a aikace kuma ba ta kaiwa, don haka fim zai riƙa cijewa, ana buƙatar USB 2.0 mai megabit 480, wadda XP ke ganewa daga SP1 zuwa sama. Kafa ɗaya miliamfiya 500 take bayarwa, wanda wani lokaci ba ya isar injin da ke juya faifan, shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu, kuma kafofin bayan kwamfuta sun fi na gaba aminci.

Roƙona ga masu karatu shi ne, ranar da kwamfutar ta dawo tana karantawa, a kwafe fayafayan gida zuwa rumbun ajiya a ranar, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani wurin. Jakar VIDEO_TS ɗungurungum ake kwafa, kuma VLC na kunna ta daga rumbun kamar faifan na ciki. Fayafayan kamfani da yawa suna da kullen hana kwafi, saboda haka ƙin kwafuwarsu ba alamar cuta ba ce, amma na gida babu abin da ya hana. A cikin fayafayan mahaifina uku, biyu sun kwafu a karon farko. Na ukun ya tsaya a fayil na ƙarshe, wanda ke can bakin faifan inda yatsu suka fi taɓawa, sai da na wanke shi, na bar shi ya bushe, na gwada shi a na'urar wani abokina, sannan ya wuce. Bayan na gama na koma na duba saitin tashar IDE, domin faifan nan ma ya tara nasa kurakuran, na tarar har yanzu tana kan DMA.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum